Ranar da Na Karɓi Aska a Hannun Mahaifina

Shekarun baya, ina ɗan shekara goma sha shida, akwai karatun da na fi kowa iyawa a gidanmu. Ba na lakwal ba ne, wato makarantar boko, don a can kam sai dai a ce Allah ya kyauta. Karatun hannun mahaifina ne. Da safe idan ya fito alwala, ba fuskarsa nake fara duba ba, butar da ke hannunsa nake kallo. Idan ruwa ya zubo tsaye, sai in saki numfashi. Idan bakin buta yana kaɗawa, ruwa yana fantsama a kan ƙafarsa, to na san yau ba lafiya ke nan tun kafin a sha koko.

Mahaifina wanzami ne, ya gada a wurin kakana. A Malanville da ƙauyukan bakin kogi babu inda ba a san zabirarsa ba. Aski, ƙaho, kaciya, askin suna, cire beli, duk nasa ne. Gidajen 'yan kasuwa na cikin gari shi suke kira, manoman shinkafa da masuntan Garou da Madécali su ma shi. Mata suna cewa hannunsa sanyi gare shi, jariri yakan yi barci ana yi masa aski. Ni ne babban ɗansa namiji, saboda haka tun ban kai ko'ina ba ni ke rataya zabira in bi bayansa, ina hura hanci sai ka ce ni ne Sarkin Aska.

Yadda abin ya shigo gidanmu har yau yana ba ni mamaki. Wata shekara ma'aikatan lafiya suka tara wanzaman gari suka ce a riƙa wanke kowace aska da alkol, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, kafin a taɓa mutum na gaba. Magana ce mai kyau, Baba ya karɓe ta hannu biyu. To na farmasi ba kullum ake samu ba. Sai wani direban babbar mota, cikin masu kwana da kwanaki a layin duwan, wato kwastan, suna jiran tsallaka gada, ya ce masa ai sodabi ma aikinsu ɗaya. Sodabi giyar mutanen kudu ce, fara tas kamar ruwa, in aka buɗe kwalba warinta sai ya daki hanci. Haka ta shiga zabirar mahaifina da rana tsaka, kowa yana gani, kowa yana yaba masa tsabta. Ban san ranar da ya fara kai ta baki ba. Farkon ganina ya ce mini haƙori ke damunsa, kurkurewa yake yi.

Shi ya sa asirinsa ya daɗe a rufe. Duk wanda ya ji wari a jikinsa sai ya ce ai maganin aska ne. A sahun gaba yake salla, babu wanda ya taɓa kawo komai a ransa. Mu na cikin gida mu muka san sauran.

Ba zan yi masa ƙarya ba, ba mai yawan duka ba ne. Abin da ya fi duka ciwo shi ne ba ka san wanda zai shigo ba. Yau ya shigo da tsire yana tsokanar ƙannena, gobe ya yi jifa da kwanon tuwo saboda an ce masa sannu da ƙarfi, jibi ya zauna a ƙofar ɗaki yana kuka ba wanda ya mutu. Ƙannena mata suna jin ƙarar motonsa, wato babur ɗinsa, daga bakin layi sai su bar wasa su shige ɗakin Inna. Ni kuma na daina kawo kowa gida. Abokina na ƙud da ƙud, wanda muke zama benci ɗaya a aji, sai da na shekara ina tare shi a bakin titi, kullum da sabon dalili. Na ƙware a ƙarya ƙwarai. Idan aka yi sallama da Baba yana kwance ba ya ko gane sunansa, ni ke fita in ce zazzaɓi ne, in ƙara da cewa har mun je wurin lokotoro, wato likita.

Amma akwai abin da ko Inna ba ta sani ba, don ita ba ta bin mu wurin aiki. Ni na gano cewa hannun Baba iri uku ne. Idan ya sha da yawa, hannun yakan yi nauyi, ya yi gaggawa. Idan ya ɗan sha kaɗan, sai ya dawo hannun nan da aka sani, mai sanyi. Idan kuwa bai sha ba sam, to nan ne tashin hankali, don rawa yake yi har ba ya iya zura maɓallin rigarsa. Tun da na gane haka sai na zama mai awo. Kafin mu shiga kowane gida mukan tsaya a bayan wata katanga ko gindin wata bishiya, ya ce, «Ba ni maganin haƙorin ga.» In miƙa masa, in tsaya ina kallon maƙogwaronsa, da na ga ya isa sai in sa hannu in karɓe. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da shi. Ina ɗan shekara sha shida, na hardace izu biyu, ina auna wa ubana giya.

To ran nan aka kira mu askin suna a Garou, gidan wasu masunta da muke yi wa aiki tun zamanin kakana. Mai jegon ta binne 'ya'ya biyu kafin wannan, kowannensu bai yi arba'in ba. Kowa ya san yadda aka ɗora rai a kan yaron.

Muka fita bayan hantsi ya fara ɗagawa, Baba yana tuƙi ina baya da zabira. Tun a hanya na ji moton yana ɗan kaɗawa, amma ban damu ba, na san akwai tsayawa a gaba. Ruwa ya yi kwana biyu da ɗaukewa, shinkafa ta yi kore shar hagu da dama. Daf da shiga gari akwai wani mangwaro inda muka saba tsayawa. Ya kashe moto, ya ce in ba shi. Na ciro kwalba na miƙa. Ya kafa kai, sai na ga ya tsaya cak, ya furzar a ƙasa. Ya shinshina bakin kwalbar, ya sake kurɓa, ya sake furzarwa.

«Wa ya taɓa zabirar ga?»

«Ba ni ba ne, Baba.»

Ya daɗe yana kallona, sannan ya kawar da kai. Mu duka mun gane. Ashe Inna ce ta zubar da ita da asuba ta cika kwalbar da ruwan randa. A ganinta shan ne ke sa hannunsa rawa, in ta raba shi da ita ko na yini ɗaya ne ta taimaki jaririn mutane. Allah ya sani da zuciya ɗaya ta yi.

Baba ya ɗaga hannunsa na dama yana dubawa. Yatsun suna ta karkarwa, gumi ya tsattsafo masa a goshi alhali a inuwa muke. Na ce, «Baba, mu koma. Mu ce moto ya lalace.»

«An yanka rago, an raɗa suna, mutane na zamne suna jira. Tun tsohona ba a taɓa hwashin askin gidan ga ba.»

«To mu ce ba ka da lahiya.»

Na ga maganar ta ɗan shige shi. Sai ga wani dattijo a kan keke, da buhun albasa a baya, ya fito daga cikin gari. Ya tsaya ya gaishe mu da Dandanci, ya juya Hausa ya ce, «Wanzam, ai kai ɗai aka jira. Bari in juya in ce ga ka nan tahe.» Kafin wani ya buɗe baki ya riga ya juya kekensa. Hanyar komawa ta toshe ke nan. A Garou kuwa ko da akwai mai sayar da abin a ɓoye, ba mahaifina da kowa ya san fuskarsa ne zai je yana tambaya ba.

Ni na tuƙa mu sauran hanyar. Allah ya gafarta mini, addu'ar da na yi ta yi a raina ita ce Allah ya jefo mana wani mai kwalba. Zan je gidan suna, ina roƙon Ubangiji giya.

Gidan ya cika maƙil. Maza a waje a kan tabarmi ana raba goro, an jingine taruna a jikin danga, ƙanshin bandar kifi ya gauraye da na naman suna. Aka shigar da mu tsakar gida inda mata suke. Kakar yaron, wata tsohuwa mai kaifin ido, ta zauna a kan tabarma ta miƙe ƙafa, aka ɗora mata shi a cinya. Mai jego tana daga ƙofar ɗaki, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idonta a kan ɗanta.

Na shimfiɗa fata na jera kayan aiki. Baba ya durƙusa. Da ya ɗauki ƙoƙon ruwa sai ruwan ya fara zuba ta gefe, ya yi maza ya ajiye, ya tsoma yatsu ya shafa wa yaron a ka. Ya murza sabulu. Ya buɗe aska ya fara wasa ta a jikin fata. Ni na san ƙarar wasin Baba tun ina rarrafe, tafiya ɗaya take yi ba gargada. Ta ran nan tsalle take yi. Babu wanda ya lura, mata suna ta hirarsu suna dariya.

Na dubi kan yaron. Ɗan mitsitsi ne, gashi baƙi kwance luf da kumfa, a tsakiya maɗigarsa tana bugawa a hankali. Fata ce kawai a wurin, babu ƙashi. Na dubi bakin askar, na ga yana rawa. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba, kuma ban sake ji ba har yau. Na ji fitsari yana neman kuɓuce mini a gaban matan mutane.

A sana'armu ɗa ba ya magana in ubansa ya buɗe aska. Ko tari ne sai ka haɗiye. Ban san inda muryar ta fito ba, na dai ji kaina ina cewa, «Baba, yau ce hwa ranar da ka ce.»

Hannunsa ya tsaya. Bai ɗago ba. «Mi na ce?»

«Ka ce ɗan gidan ga ni za ka ba. Shi ka zama na hwari a hannuna.»

Bai taɓa faɗin haka ba. Na matso a kan gwiwoyina na tara hannu biyu a gabansa, kaina a ƙasa. Har mai daka ta dakata. Na san abin da na yi. Na tsoma baki a aikin ubana a gaban mata, a gidan da ake girmama shi. Zai iya kwaɗa mini mari ya ci gaba da aikinsa, kuma kowa zai ce na kyautu da shi. Ina kallon ƙasa ina jiran marin, amma ba marin nake tsoro ba, abin da zai biyo bayansa nake tsoro.

Tsohuwar ce ta fara magana. Ta ja jikanta jikinta ta ce, «Wanzam, ɗan ga hwa mun daɗe muna roƙo nai wurin Allah. Yaron ga naka ko gemu bai da.»

Sai na ji muryar Baba, a dushe, yana yi wa tsohuwar magana. «Inna, wa ya aske uban ɗan ga?»

«Kai ne.»

«Ran nan ina da gemu?»

Ta tsaya tana tunani, sai ta yi 'yar dariya. «Ba ka da ko ɗaya. Tsohonka na zamne nan inda kake, ni ko ina ta harara tai.»

«To haka gidanmu da gidanku suka saba. Ni ma ga ni zamne.»

Ya juya askar ya ɗora mini a tafin hannu. Ƙotar ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya ja da baya kaɗan, ya tura hannuwansa biyu cikin babbar riga ya ɓoye su.

Kada ku ɗauka wani gwani ne ya karɓi aiki. Iyakar askin da na taɓa yi na 'yan uwana ne da wasu masu dako a kasuwa, kuma a cikinsu babu wanda ya taɓa dawowa ya ce in ƙara masa. Jariri kuwa ko ɗaukarsa ban iya ba. Na yi bisimilla, na ɗora aska a gefen kan.

«Kwantar da ita,» in ji Baba daga bayana, ƙasa-ƙasa. «Kak ka danna. Bi gashi, kak ka tare shi. Ja hwata da yatsa. Haka.»

Hannunsa ya tafi, amma muryar ta wanzamin nan ce da aka sani. Na bi ta. Na gama gefe ɗaya, tsohuwa ta juya shi, na gama ɗayan. Da na zo tsakiya ya ce, «Nan riƙe numhwashinka. Bari askar ta tahi da kanta.» Ina kai bakin aska daf da maɗiga sai yaron ya yi atishawa, kansa ya zabura. Na ɗage hannu. Na ji mai jego ta ja numfashi daga ƙofar ɗaki. Na duba, babu komai. Na jira ya lafa, na koma na ƙarasa. A bayan kunne ne kawai na ɗan karce shi, jini ɗigo ɗaya ya fito. Tsohuwa ta shafe da babban yatsa, ta harare ni ta ce, «Wanga na rubuta maka shi bashi, angona.» Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa.

Ina shirin naɗe fata sai uban yaron ya leƙo ya ce saura beli. Cire beli sai an sa ƙarfe cikin maƙogwaron jariri, wannan kam ko a mafarki ban taɓa ba, kuma babu ƙaryar da ta rage mini. Baba ya ce in buɗe masa bakin yaron ya gani. Ya sunkuya ya leƙa, hannuwansa suna cikin riga. Ya ce, «Bai nuna ba tukuna. A bar shi shi yi ƙwari, ni ka dawowa.» Bai koma ba, kuma yaron ya tashi lafiya lau da belinsa.

A waje maza suka yi ta shafa kaina suna sa albarka, aka ɗaure mana cinyar rago a bayan moto. Ni dai na zagaya bayan danga na amayar da kokon safe.

A hanyar komawa ni ke tuƙi. Muna tsakiyar gonakin shinkafa ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Na ce to, yanzu ne zan karɓi marina. Ya sauka ya zauna a bakin hanya, jikinsa duka yana ɓari, ya yi ta yunƙurin amai babu abin da ke fita. Da ya lafa ya ce, «Kak ka hwaɗa ma uwarka. Ta yi don alheri.» Shi ke nan abin da ya ce. Na so a ce a nan labarin ya juya, ya rantse ya daina. Muna shiga gari ya ce in sauke shi wajen layin duwan in wuce gida da naman. Na sauke shi, ina kallo ya nufi wurin direbobin nan yana sauri.

Labari ya bazu cewa wanzam ya miƙa wa ɗansa aska. Aka fara aiko kira da sunana, shi kuma ya koma mai zama a gefe yana ba da umarni. A shekarar na bar lakwal, don ba a haɗa aji da yawon suna. Abokina ya ci gaba, yanzu malamin makaranta ne, kuma ni ke yi masa aski, ina ce masa ban taɓa yi masa hassada ba, shi kuma yana yi kamar ya yarda. Baba bai daina ba sai bayan wasu shekaru, da ciwon hanta ya kwantar da shi a asibiti, lokotoro ya faɗa masa gaskiya a gaban Inna. Daga nan bai sake ba. Amma rawar hannun ta zauna masa har ƙarshe.

Mutane sun yi ta cewa ni yaro ne mai hankali, na girma da wuri. Ba hankali ba ne, tsoro ne. Yaron da ya tashi a irin gidanmu ba ya samun sukunin yin ƙuruciya, gadi yake yi, kuma ko an daina shan gadin ba ya sakinsa. Har yau in wani ya miƙo hannu zai ɗauki ɗana, sai na dubi yatsunsa kafin in saki. Matata tana yi mini tsiya, wai ko jandarman bakin gada bai kai ni bincike ba. Saboda haka in kun ga matashi a unguwarku ya cika natsuwa, kullum shi ke fitowa ya amsa sallamar ubansa, kullum da uzuri a bakinsa, kada ku tsaya a yabo. Ku ja shi gefe ku tambaye shi ko lafiya.

A shekarunsa na ƙarshe ni ke yi wa Baba aski duk Juma'a kafin masallaci. Ba mu taɓa tayar da zancen Garou ba. Wata Juma'a, na sa masa sabulu ke nan, sai ya ce ba tare da ya juyo ba, «Ran nan, gidan masuntan ga. Da ka yi shiru, kana ganin da na ɗora askar?»

Na ce, «A'a, Baba. Da ka aje ta da kanka. Na riga ka ne kawai.»

Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa alhamdu lillahi. Na ci gaba da askina. Da wannan amsar ya rasu, kuma ban yi nadamar ba shi ita ba. Amma ni ne a durƙushe kusa da shi ran nan. Babban yatsansa yana kan goshin yaron, kuma ya riga ya yi bisimilla.